Kwana Tara a Jirgin Ruwa da Alhaji

'Yarmu ta fari ce ta sayo mana tikitin. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Bronx, kuma tun da ta fara aiki take cewa sai ta kai mu hutu irin na mutane. A wajenta zuwa Kano ba hutu ba ne, don a cewarta muna dawowa a gajiye fiye da yadda muka tafi, ƙafafu a kumbure saboda zagayen gaisuwa. Ranar wata Lahadi ta shigo gidanmu na Parkchester, ta ajiye takardu a kan tebur. Da Turanci ta yi bayani, kamar yadda ta saba ko da Hausa muka yi mata magana. Ta ce za mu yi kwana tara a jirgin ruwa, irin manyan nan da suke tashi daga Manhattan su zaga tsibirai su dawo. Ita aiki ya riƙe ta, ni da babanta ne kawai za mu tafi.

Ni tsoro ne ya fara kama ni. Babban ruwan da na taɓa gani kafin na baro gida shi ne na madatsar Tiga, shi ma daga nesa. Alhaji kuwa, mijina, ko a jikinsa. Yana da shagon jakunkuna da agoguna a gefen Canal Street, amma farkon zuwansa ƙasar nan a St. George da ke tsibirin Staten Island ya zauna, ya yi shekara huɗu yana tsallaka ruwa safe da yamma a jirgin fito. Wannan 'yar tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ita ce ta mayar da shi masanin teku.

"Hajiya, kwantar da hankalinki," ya ce. "Ni da na shiga jirgi ya fi sau dubu, me za a nuna min a kan ruwa?"

Washegari na sauka hawa na biyu wajen maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi mai sayar da atamfa da turare a ɗakinta. Ita sau uku ta shiga irin wannan jirgi, kuma duk wanda ya zauna da ita minti goma sai ya san haka. Hausarta ta Zango ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ta zaunar da ni, ta kashe talabijin, alamar maganar babba ce.

"Hajiya, ka ji ni da kyau," ta ce. "Babban akwati, da ka isa tasha za su karɓe shi, ba za ka sake ganin shi ba sai yamma. Fasfo, magani, sallaya, kaya kala ɗaya, duk ka sa a jakar hannu. Kuma duk abin da yake yin zafi, kar ka kai. Dutsen guga, butar lantarki, tukunyar shinkafa, za su ƙwace. Wuta suke tsoro a jirgi, ba ruwa ba."

Ta ƙara da cewa in sayi maganin tashin zuciya, in sha tun jirgi bai motsa ba, don in amai ya riga ya zo, magani sai dai ya bi shi su fito tare. Ta ce ranar farko in nemi shugaban masu kawo abinci in gaya masa ba ma cin alade, ba ma son abin da aka dafa da giya. Ta yi min wasu bayanan da yawa a kan inda ake ɗaukar hoto mai kyau, waɗannan na bar mata su a ɗakinta.

Da na kawo wa Alhaji shawarwarin, sai ya yi dariya irin ta wanda aka koya wa sana'arsa. Ya ce mata akwai son girmama abu. Shi babbar riga uku zai tafi da su, kuma ba zai fita gaban Turawa da riga a yamutse ba, saboda haka dutsen guga dole ne. Ya naɗe shi a cikin tawul, ya cusa a tsakiyar akwati. Butar lantarki ta bi shi, don ba ya yarda da shayin da ba shi ya tafasa ruwansa ba. Wani abokinsa ɗan Maraɗi da suke maƙwabtaka a kasuwa ya kawo masa kilishi ƙunshi guda, ya ce ya ji labari a cikin bato, kamar yadda suke kiran jirgin ruwa, abincin Nasara kawai ake ci. Ni kuwa na ɗauki yaji a kwalba da butar alwala ta roba, na shirya jakar hannuna yadda aka gaya min. Maganin hawan jininsa na ce ya ba ni in riƙe, ya ce shi ba yaro ba ne, ya san inda ya sa abinsa.

Ranar tafiya 'yarmu ta kai mu tasha a bakin kogin Hudson. Da na hango jirgin sai da na yi salati. Ba jirgi ba ne, unguwa ce aka ɗora a kan ruwa, ya fi benenmu na Parkchester tsawo nesa ba kusa ba. Na kalli Alhaji, na ga shi ma ya ɗaga kai har hularsa tana neman faɗuwa.

"Wannan ya ɗan fi namu na Staten Island," ya ce a hankali.

'Yan dako suka karɓi manyan akwatuna, suka jefa a keji, muka shiga layi. Aka ɗauke mu hoto, aka ba kowa kati guda. Wannan katin shi ne mukullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne komai. Na rataye nawa a wuya da igiya kamar yadda na ga tsofaffin Turawa sun yi. Alhaji ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, ya sa nasa a aljihun riga. Kafin jirgi ya tashi sau biyu muka tsaya lalube a bakin ƙofa.

Ɗakinmu yana hawa na takwas, can gaba kusa da hancin jirgi. Ɗan ƙarami ne, banɗakinsa kuwa in sabulu ya faɗi sai ka buɗe ƙofa kafin ka iya sunkuyawa. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne ɗan Indonesiya mai furfura a gemu. Da ya ga hular Alhaji da hijabina sai ya yi mana sallama cikakkiya. Nan take Alhaji ya ɗauke shi ɗan'uwa.

Kafin tashi aka yi shela a lasifika cewa kowa ya je wurin da aka rubuta a katinsa, a nuna masa inda zai tsaya idan hatsari ya faru da yadda ake sa rigar ceto. Na ce Alhaji mu je. Ya ce a jirgin fito ba a taɓa tara su an yi musu wannan wa'azi ba, kuma ga shi nan da ransa. Ya kwanta ya miƙe ƙafa. Na tafi ni kaɗai. Ashe jirgi ba ya tashi sai an ga katin kowa. Ina tsaye cikin mutane sai na ji lasifika tana kiran sunan mijina, a murɗe yadda Turawa suke murɗe shi, amma dai nasa ne. Sau uku aka kira. Ya iso yana haki, hula a karkace, mutane wajen ɗari suna kallonsa. Wata ma'aikaciya ta sa masa rigar ceto a kan kaftaninsa, ta yi darasin da shi a gaban kowa. Da muka fito ya ce min ai girmama shi suka yi.

Akwatina ya iso bayan la'asar. Nasa bai zo ba. Magariba ta yi, lokacin shan maganinsa ya yi, magani yana cikin akwati. Maimakon akwati sai takarda aka zuro ta ƙarƙashin ƙofa, wai ya sauka hawa na biyu, ofishin tsaro. Na raka shi, don Turancina ya fi nasa haƙuri.

Wani dogon ɗaki ne, akwatuna a jere, masu su a tsaye kowa yana kallon ƙasa. A kan tebur an baje abin da aka kama: kwalaben giya da aka ɓoye a cikin robar man wanke gashi, wuƙaƙe, kyandir, har da wani ɗan murhun gasa nama. Aka buɗe na Alhaji. Dutsen guga ya fito daga cikin tawul, butar lantarki ta fito daga cikin wando. Jami'in ya ɗaga ƙunshin kilishi ya shinshina, ya yi atishawa. Ya ce abincin da ba a rufe yake daga kamfani ba, ba ya shiga jirgi. Alhaji ya fara bayanin yadda ake yanka nama a shanya shi, kamar in mutumin ya fahimci wahalar aikin zai ji tausayi. Bai ji ba. Dutsen guga da buta aka rubuta masa takarda, aka ce ya karɓa ranar sauka. Kilishi kuwa ba a rubuta masa komai ba, har yau Alhaji yana zargin wannan jami'in.

A hanyar komawa Alhaji ya yi ta satar kallona. A ƙarshe ya kasa daurewa.

"To faɗi mana, Hajiya. Na san akwai magana a bakinki."

"Ni? Sha maganinka dai, Alhaji."

Guga kuwa, dattijon nan ya nuna mana cewa akwai inda ake bayarwa a goge. Ruwan zafi kuma yana nan a ɗakin cin abinci ko da yaushe, ka ɗebi iya son ranka.

Sallah ce ta fara ba mu wahala. Alhaji ya fito da wayarsa zai nemi alƙibla, allurar ta yi ta juyi kamar ta sha wani abu, don bangon ɗakin duk ƙarfe ne. Ya fita baranda ya dawo, ta nuna wani wajen daban. Dattijon ne ya cece mu. Ya kunna talabijin ɗin ɗakin, ya kai mu wata tasha da take nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Ya ce idan jirgi ya nufi kudu, gabas tana hagunmu in mun fuskanci hancinsa, sai mu ɗan karkata. Ya ce shi shekara da shekaru haka yake yi. Daga ranar, kafin kowace sallah sai Alhaji ya tsaya gaban talabijin, hannu a ƙugu, yana nazarin taswira kamar shi ne matuƙin.

Abinci kuwa, ban taɓa ganin mutane suna ci kamar a jirgin nan ba. Akwai wani katafaren ɗaki a sama inda kowa yake ɗiba da kansa. Za ka ga mutum da faranti biyu, ya tara kaza a kan kek, kek a kan taliya, yana tafe yana waigen abin da ya bari. In sun gama sai su fita su kwanta a rana, sun shafe jiki da mai, a jere kamar kifin da aka shanya. Kujerun bakin wurin wanka tun da safe ake kama su da tawul, mai tawul ɗin kuwa yana can yana ci. Lif kullum a cike, wasu ma hawa ɗaya kacal za su hau, su je ɗakin motsa jiki su taka matattakalar inji. Ni dai na koyi bin matattakala ta gaske, ta fi sauri. Na kuma koyi wanke hannu a bakin ƙofa kafin shiga, don ko ka manta akwai ma'aikaciyar da aka ajiye musamman ta tare ka da murmushi da kwalbar feshi.

Mu a ɗaya ɗakin muke cin na yamma, inda ake zama a kawo maka. Ranar farko na nemi shugaban masu hidima na yi masa bayani kamar yadda aka koya min. Mutumin ya rubuta, kuma daga nan kullum sai ya kawo mana takardar abincin gobe mu zaɓa tun yau, ya nuna mana wanda babu alade babu giya. Kifi muka ci har na fara jin ƙarninsa a mafarki. An haɗa mu tebur da wasu tsofaffi mata da miji daga New Jersey, waɗanda suka ce wannan tafiyarsu ta goma sha wani abu ce. Da na fito da kwalbar yaji, mijin ya tambaya ko mene ne. Alhaji ya ce masa ɗan gishirin ƙasarmu ne, ya barbaɗa masa da hannu sake. Bawan Allah ya kai loma ɗaya, fuskarsa ta koma kalar tumatir, ya shanye ruwansa da na matarsa. Amma washegari shi ya fara miƙo hannu, kuma kafin tafiyar ta ƙare shi ya ci rabin kwalbar.

Kwana na biyu muka shiga teku sosai, iska ta taso. Ni na sha maganina tun muna tasha, kuma kullum da safe ina ƙarawa. Alhaji na miƙa masa ya ture. Da hantsi muna tafiya a dogon lungun ɗakuna sai na ga yana dafa bango. Ya ce takalmin ne yake da santsi. Da muka isa ɗaki ya wuce banɗaki kai tsaye, kuma a wannan rana ya gano amfanin ƙanƙantar banɗakin, ko ta ina ka juya akwai abin dafawa.

Ya kwanta yana nishi. Ɗakinmu da yake a gaba yake, kowace igiyar ruwa sai ta ɗaga mu ta sauke.

"Hajiya," ya ce da ƙyar, "in wani abu ya faru, mukullin shago yana cikin aljihun shuɗin kaftani."

"Babu abin da zai faru. Ba kai ne ka shiga jirgi sau dubu ba?"

"Wancan ruwa ne mai ladabi," ya ce, ya juya wa bango fuska.

Dattijon nan mai kula da ɗakinmu ya kawo masa koren tuffa da busasshen biskit da shayin citta. Ya ce kwanciya a ɗaki ita take ƙara abin, ya fita tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa inda girgiza ba ta da yawa, ya sha iska, ya kafa ido a can inda ruwa ya haɗu da sama. Ya ce in za mu sake tafiya mu nemi ɗaki a tsakiya. Alhaji ya ce babu sakewa. Na riƙe shi muka fita, ya zauna a kujera lulluɓe da bargo yana gatsar tuffa. Mai ɗaukar hoto na jirgi, wanda ba ya barin kowa ya wuce lafiya, ya zo ya ce mu yi murmushi. Hoton yana nan a falona, Alhaji ya sha neman in cire shi.

Bayan kwana biyu ya warware, bakinsa ya dawo. Tsibiri na farko muka sauka muka dawo lafiya, don motar jirgi muka bi da jagora. A na biyu ne ya ce shi ba zai sake bin jagora mai tuta kamar tunkiya ba, da ƙafarmu za mu zaga. Da safe lasifika ta yi ta nanata cewa kowa ya dawo kafin ƙarfe huɗu da rabi, kuma da agogon jirgi za a yi aiki, ba na gari ba, don agogon tsibirin yana baya da awa guda. An ma rubuta a allo a bakin ƙofar fita. Ni ina da ɗan agogon hannu, na bar shi a kan lokacin jirgi. Alhaji mai sayar da agogo ba ya ɗaura agogo, wayarsa yake dubawa. Wayar kuwa tana shaƙar iskar tsibirin ta koma lokacinsu ba tare da ta yi shawara da kowa ba.

Muka shiga kasuwar garin, nan fa Alhaji ya samu abin da ya fi teku daɗi. Jakunkunan da ake sayarwa a rumfunan irin nasa ne sak, har ɗinkin hannun. Ya ɗaga ɗaya ya juya, ya leƙa ciki, ya tambayi mai rumfar inda yake saro su. Mutumin ya gane ɗan sana'a ne, ya jawo masa kujera. Suka shiga hirar dillalai da kwastan da halin masu saye. Na zaga na sayi tsarabar jikoki na dawo, suna nan. Na sake zagawa na sha ruwan kwakwa na dawo, an kawo wa Alhaji lemo.

"Alhaji, huɗu ta wuce."

Ya duba waya. "Uku da minti biyar. Agogonki ne ya lalace. Na gaya miki irin wannan ba ya ƙarko."

"A shagonka na ɗauka."

Mai rumfar ne ya raba gardamar. Ya tambayi wane jirgi muka zo da shi, da muka faɗa sai ya miƙe tsaye da sauri, ya ce mu bar komai mu kama hanya, jirgi ba ya jiran wanda ya fita da ƙafarsa. Ya tare mana tasi da kansa. Direban da alama ya saba da irinmu, bai tambayi komai ba ya taka mota. A ƙofar tasha aka ce mota ba ta wucewa, sai da ƙafa, kuma gadar da ta kai ga jirgin doguwa ce kamar ba za ta ƙare ba. Muna sa ƙafa a kanta jirgi ya busa ƙaho, wani irin ƙara da na ji har cikin haƙorana.

Rabona da gudu tun ina makarantar 'yan mata. Na tattare zani da hannu ɗaya, ledar tsaraba a ɗaya hannun. Alhaji yana gabana, babbar rigarsa ta cika da iska ta kumbura, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba. Abin da ban sani ba shi ne, kallon masu makara wani wasa ne na musamman a jirgin. Duk barandun da suke fuskantar gada sun cika da mutane, kofi a hannu, suna tafi suna ihu, wayoyi a sama. Har na hango tsohon nan na teburinmu yana kaɗa mana hula. Ma'aikata biyu suna tsaye sun riƙe tsanin shiga, ɗaya yana nuna agogonsa. A bakin ƙofa aka ce kati. Nawa yana wuya. Alhaji ya shiga laluben aljihunan babbar riga, wadda aljihunta ya kai zurfin buhu, jirgi guda yana jiransa. Da ƙyar ya zaro katin tare da goro da carbi.

Muna shiga aka ja tsanin. Na zauna a kan matattakala ina mayar da numfashi, ƙirjina kamar zai fashe. Gaskiya na tsorata, don fasfo ɗinmu ma yana ɗaki, ban san yadda za mu yi ba da an bar mu a garin da ba mu san kowa ba sai mai jakunkuna. Alhaji ya tsaya a kaina da takalmi ɗaya. Na jira in ji wanda zai ɗora wa laifi, waya ko tsibiri.

"Hajiya, sannu," ya ce. "Ki yi haƙuri."

Shekarunmu da yawa tare, kuma zan iya ƙirga ranakun da na ji wannan kalma daga bakinsa da yatsun hannu ɗaya. Sai na rasa faɗan da na shirya. Na ce ya taimaka min in tashi.

Daga wannan rana Alhaji ya koma mai bin doka fiye da masu dokar. Duk takardar da aka zuro ɗaki sai ya sa tabarau ya karanta ta daga sama har ƙasa. Idan lasifika ta yi magana sai ya ɗaga min hannu in yi shiru. Ana gobe za mu sauka aka kawo takarda cewa kowa ya haɗa manyan akwatunansa ya ajiye a bakin ƙofa bayan cin abincin yamma, za a kwashe, sai a tasha za a karɓa. Ya ce wannan aikin nasa ne, in je in yi sallama da mutanen teburinmu. Ni dama na ware kayan da zan sa da safe na rataye a banɗaki. Da na dawo na tarar ya gama, akwatuna har an ɗauke, yana zaune a bakin gado da singileti da gajeren wando yana jiran yabo. Na yaba masa.

Da safe jirgi ya shigo New York. Na yi wanka na shirya. Alhaji ya buɗe wajen rataye kaya, babu komai sai ƙarafan rataya suna kaɗawa. Ya buɗe aljihun tebur, babu komai. An ce a haɗa kaya, ya haɗa su duka, har takalmin da ya saya a jirgi. Abin da ya rage masa a duniya singileti, gajeren wando, silifas ɗin wanka da hula.

Shagunan jirgi a rufe suke in an tsaya a tasha. Na ce ko zai ɗaura zanina na barci, ya kalle ni kallon da ya sa na janye tayin. Na fita na nemo dattijon. Ya saurare ni har ƙarshe, bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce kusan kowace tafiya sai an samu mutum ɗaya. Ya tafi ya dawo da abin da ya samu a cikin kayan da fasinjoji suka manta aka wanke aka ajiye: riga mai gajeren hannu, ja, da hoton aku da ganyen ayaba, da wani wandon roba mai faɗi wanda ya tsaya a ƙwauri.

Haka Alhaji ya sauka, aku a ƙirji, hula a kai, takardar karɓar dutsen guga a hannu. Ya bi layi ya karɓi kayansa, ya rungume dutsen da butar. Jami'in shige da fice ya kalli fasfo, ya kalli rigar, ya ce da alama an ji daɗin hutu. 'Yarmu tana jiranmu a waje. Da ta hango babanta sai ta dafa mota ta durƙusa, dariya ta hana ta gaisuwa. Ranar ce na ji ta yi Hausa ba tare da an roƙe ta ba.

"Abba, wa ya yi maka haka?"

"Buɗe mota," ya ce.

Mun yi kwana biyu a gida ƙasa tana mana rawa a ƙarƙashin ƙafa, in na tsaya a kicin sai in ji kamar benen yana tafiya. Da 'yarmu ta tambaye ni abin da ya fi burge ni, ta zaci zan ce teku ko tsibirai. Na gaya mata gaskiya. Tun da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa yin kwana tara a jere ban ɗora tukunya ba, ban wanke kwano ba, ba wanda ya tambaye ni me za a ci. Na ce mata in ta sake samun hali ta saya min. Ta ce Abba fa? Na ce ta tambaye shi, in ya ce a'a kada ta matsa masa.